Ruwan da Gwaggo Ta Ɗiga wa Tsohuwa a Jidda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Talata bayan la'asar, a ɗakinta da ke hawa na uku na wani tsohon gini a unguwar Misfala da ke Makka. Aka yi mata salla a Harami bayan wahalar takardu da ba zan tsaya ba da labarinta ba. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa, kuma abin da na gani a kwana ukun nan shi ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Mu maza muna kan darduma a ƙofar gini, mata suna sama. Sai dai gaisuwar tasu wani iri take. Wani dattijo Basakkwace da ya san ta shekara ashirin ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yafe mata, Malam. Allah ya yafe mata duk abin da ta yi." Ya ja "duk" ɗin nan, ya tsaya yana dubana kamar mai jiran ƙarin bayani. Wani kuma ya matso ya tambaye ni ƙasa-ƙasa ko an duba kayanta kafin a raba. Na ce a duba me? Ya ce, "A'a, ya'ani, a dai duba."

A sama abin ya fi haka. Matata ta ce mata suna shigowa baki na addu'a, ido na yawo a kan kantar kaya da bayan labule da ƙarƙashin gado. Maƙwabciyarta ta hawa na biyu, wadda suka shekara da shekaru suna aron gishiri da albasa a tsakaninsu, ta buɗe akwatin marigayiya wai tana neman turaren wuta da za a sa wa baƙi. Ta zazzage shi tas. Zannuwa ne, da carbi biyu, da hotunan 'ya'yan dangi, da kwalbar man zafi. Ta mayar da su tana cewa alhamdu lillahi, amma matata ta ce fuskarta ba ta mai godiya ba ce, ta wadda ba ta gama nema ba ce. An dafa shinkafar sadaka a tukwanen Gwaggo, rabin tirarrukan suka dawo ba a sa musu hannu ba.

Gunki suke nema. Ni kuwa na san inda zancen ya samo asali, don daga bakina ya fita. Zan zo kansa. Amma bari in fara faɗin ko wace ce ita, kada a wayi gari abin da ya rage na Gwaggo a bakin mutane ya zama raɗe-raɗin nan kaɗai.

Daga Kano ta zo aikin Hajji bayan rasuwar mijinta. Ba ta taɓa haihuwa ba, ta duba ta ga babu abin da za ta koma ta tarar, ta yi zamanta. Sama da shekara talatin ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Irin wannan zama yana sauya mutum. Gwaggo ba ta amsa sallama sai ta leƙa ta kafar mukulli, kuma kalmarta ta farko ga kowa ita ce, "Wa ya aiko ka?" In ka tambaye ta ina za ta, ta ce maka "nan," ta nuna gabas ta bi yamma. Ba ta shan shayin da ba a gabanta aka haɗa ba. In mota ta daɗe a tsaye a layinsu ba a kashe ta ba, sai ta rufe taga ta kashe rediyo, ta zauna shiru har motar ta wuce.

Ranar da na fara zuwa wurinta, shekarar da na samu gurbin karatu a nan Makka, na daɗe ina buga ƙofa kafin na ji murya daga ciki.

"Wa ya aiko ka?"

"Gwaggo, ni ne, ɗan ƙaninki. Baba ya ce ya gaya miki a waya."

"Kowa ma ya iya faɗin haka. Wane kunne ne na ubanka ba ya ji sosai?"

"Na hagu."

"Me ya same shi?"

"Ya ce ke kika mare shi yana yaro, ranar da ya saki akuyar Inna ta shiga gonar mutane."

Sai na ji an zare sakata. Ta kama hannuna da hannu biyu, hawaye na zuba, tana cewa, "Maƙaryaci! Ƙyanda ce ta toshe masa, marin bai kai haka ba." Daga ranar ta sa mini Ustazu, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Tuwo da miyar kuka take sayarwa. Lokacin Hajji alhazan gida da suka gaji da shinkafa suna layi a matakalar gininsu, ranakun Mina kuma ta ɗauki kuloli a ka ta bi su can. Abin da ban taɓa ganewa ba game da ita shi ne, duk tsoron nan nata ƙarewa yake in ta ga tsohuwa ta ɓata. Na taɓa ganinta ta ajiye kula a hannun mai shago, ta kama wata tsohuwa Bafulatana da ke kuka a bakin titi, ta karanta abin hannunta mai sunan masauki da ƙyar, ta ja ta ta gaban askarawa uku har masaukinsu. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, da sun tsare ki fa?" Ta ce, "To in bar ta ta kwana a titi? Miƙo mini kulata, kai ma surutu gare ka."

Akwai shekara bakwai a rayuwarta da ba ta cika taɓo su ba, shekarun da ta yi a Jidda tun kafin in zo. Jinyar wata tsohuwa ta yi, mahaifiyar wani likita Ba'indiye. Mutanen Misfala sun san ta yi shugul, wato aikatau, a gidan Indiyawa, suka ɗauka irin Indiyawan da muke sahu ɗaya da su a Harami ne. Ashe ba Musulmi ba ne, 'yan Hindu ne. Ni kaɗai ta gaya wa, shi ma kaɗan-kaɗan, duk Juma'ar da na biyo cin tuwo bayan an sauko.

Dadi take kiran tsohuwar, wato kaka a bakinsu. Da Larabcin kasuwa suke magana, da hannu, da 'yan kalmomin da Gwaggo ta tsinta a finafinan Indiya da ake sawa a talabijin tun tana Kano. A ɗakin Dadi akwai wani ɗan kabad da ake kullewa in baƙo zai shigo. A ciki akwai 'yan mutum-mutumi na tagulla da hotuna: wani mai kan giwa, wata mace mai hannu huɗu a tsaye a kan fure, wani saurayi shuɗi da sarewa a baki. Kullum da safe in an yi wa Dadi wanka sai a tura kujerarta gaban kabad ɗin, ta kunna 'yar fitila, ta ajiye fure da ɗan alawa, ta kaɗa ƙararrawa.

Gwaggo ta ce, "Ranar farko na ce wa Likita, zan wanke uwarka, zan kwashe bayan gidanta, zan ba ta abinci a baki, amma kabad ɗin nan ko ƙurarsa ba zan goge ba. Ya ce ai dama ba a so in taɓa."

Wata shida, in ji ta, suka yi suna gadin juna. Dadi na tsoron 'yar aikin nan ta kai rahotonsu, don haka mukullin kabad a cikin rigarta yake kwana. Gwaggo kuma na tsoron a sa mata alawar gaban gumaka a abinci, don haka ko sukarin gidan ba ta taɓawa, nata take sayowa ta ƙulle a bakin zane.

Wata rana Gwaggo ta sallame sallar azahar, ta ga tsohuwar ta zuba mata ido. Ga yadda ta ba ni labarin.

"Ta ce, da wa kike magana? Ban ga kowa ba. Na ce da Allah, shi ɗaya ne, ba a ganinsa. Ke fa, wanne ne naki a cikin waɗancan, ko duka ne? Sai ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, ɗaya ne. Na ce, Dadi, ban yi boko ba amma na iya ƙirga. Goma sha ɗaya ne a kabad ɗin nan."

Sai tsohuwar ta shiga yi mata lissafi da yatsu. Likita yana ce mata uwa, matarsa tana ce mata suruka, yara suna ce mata kaka, mijinta kafin ya mutu da wani suna yake kiranta wanda ba za ta faɗa ba. To mata nawa ne a kwance a gadon nan? Ta ce haka Bagwan yake, wato Ubangiji a harshensu. Shi ɗaya ne, amma in al'amari ya cije mata ta wajen mai kan giwa take kiransa, in gida yana son albarka ta wajen mai hannu huɗu, wanda kuwa zuciyarta ta fi kwanciya da shi mai sarewar nan ne. Ta ce zuciyar ɗan Adam ƙarama ce, ba ta iya riƙe abin da ba shi da fuska.

"Na ce mata to ni tawa ta riƙe. Mu ma sunayensa suna da yawa, amma ba mu yi wa ko ɗaya hanci da kunne ba. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa."

Gwaggo ta lura su kansu mutanen gidan ba bakinsu ɗaya ba. Matar Likita cewa take mai sarewar shi ne Ubangijin da kansa, sauran duk a ƙarƙashinsa suke. Dadi kuwa ta yi imani in an gayyace shi zuwa yake ya sauka a cikin tagullar kamar baƙo, shi ya sa ake wanke shi ana ajiye masa abinci. In suna gardamar nan a kan tebur, Likita sai ya ɗauki jaridarsa ya koma falo.

Ni lokacin ina shekara ta biyu a karatun aƙida, jinina na tafasa. Na ce, "Gwaggo, ai wannan ita ce ainihin hujjar masu shirka tun farkon duniya."

Ta ce, "Na sani, Ustazu. Ban ce maka gaskiya ba ce. Cewa na yi haka suke faɗa. Kai ka san abin da aka rubuta a kansu, ni na san abin da suka ce da bakinsu."

Amsar ba ta da aibu, amma wani abu ya tsaya mini. Ba ta yamutsa fuska in tana ba da labarin. In ta ambaci Dadi muryarta laushi take yi. Daga nan na fara lura da abubuwan da da ban damu da su ba. Ba ta cin naman shanu, ta ce haƙora ne, amma na ga tana tauna ƙashin kaza. Tana tuƙa tuwo tana wani ɗan amo a hanci wanda ba na waƙoƙinmu ba ne. Ina ci ina ƙirga su a zuci.

Sai wata Juma'a ta jira na gama ci, ta rufe taga, ta zauna kusa da ni.

Ranar da Dadi za ta mutu, in ji ta, da hantsi ne. Likita yana asibiti, matarsa ta kai yara makaranta, gidan daga ita sai tsohuwar. Numfashi ya fara sarƙewa. Dadi ta laluba cikin rigarta ta zaro mukulli, ta nuna kabad. A ciki akwai wani ɗan tulu na jan ƙarfe da aka liƙe bakinsa, da ruwan wani kogi na ƙasarsu da suke girmamawa, wai shi Ganga, kamar gangar kiɗa. Burin kowane tsohonsu a ɗiga masa ruwan nan a baki kafin rai ya fita. Ta sha gaya wa Gwaggo haka.

"Shekara bakwai ban taɓa murfin kabad ɗin nan ba. Na tsaya, ga mukulli a hannuna, ga ta tana kallona. Na yi a'uziyya, na yi bismilla, na buɗe. Ban dube su ba. Na ɗauko tulun, na ɓalle bakinsa da wuƙa, na ɗiga mata da cokali. Sannan na sunkuya na faɗa mata kalmar shahada a kunne sau uku, ko Allah zai sa ta kama. Ta riƙe wuyan hannuna gam, tana ta kiran nata. A haka ta tafi." Ta dube ni. "Ustazu, na daɗe ina ɗauke da wannan. Kai da kake karatu, na yi laifi?"

Da na san abin da na sani yau, da na ce mata ta ba ni lokaci. Amma nan take na amsa. Na ce ta taimaka wa shirka da hannunta, ta tuba, ta sabunta shahada.

Ta ce, "Na yi ya fi sau dubu. Amma ruwa fa na ba ta. Mai mutuwa ce ta nemi ruwa."

"Da sai ki ba ta na famfo."

"Ba shi ta nema ba."

Na koma unguwar Shisha, inda muke haya ni da matata, zancen na cina. Ban tabbata amsata daidai take ba, kuma ban tabbata Gwaggo ta gaya mini duka ba. A wani zama da mu ɗalibai 'yan gida muke yi duk mako, na kawo mas'alar. Ban faɗi suna ba. Na ce wata baiwar Allah ce 'yar Kano, mai sayar da abinci a Misfala, da ta yi shekara bakwai a Jidda. Aka tattauna, wasu suka tsananta, wasu suka ce niyyarta za a duba, aka sha shayi aka watse. Ban tuna ba cewa matar ɗaya daga cikinsu 'yar ƙanwar maƙwabciyar Gwaggo ce.

Kafin wata ya ƙare labarin ya yi 'ya'ya. Aka ce ita ke wanke wa Indiyawa gumaka. Aka ce ta taho da ɗaya Makka a cikin zane. Aka ce tana ɗiga ruwan nan a miyarta, shi ya sa in ka ci sau ɗaya sai ka dawo. Masu sayen tuwo na unguwa suka janye, sai baƙin alhazai da ba su ji ba. Matan da take wa kitso suka sami wata.

Wata rana da tsakar rana aka buga mana ƙofa a Shisha. Gwaggo ce, ita da ba ta shiga tasi ita kaɗai. Ta ƙi shigowa.

"Ustazu, shekara talatin jawazat masu kamen marasa takarda suna nemana ba su same ni ba. Kai shekara biyu ka same ni."

"Wallahi Gwaggo ban faɗi sunanki ba."

"Da ka faɗa ma ya fi, sai in ce ƙiyayya ce. Wannan wauta ce, ita kuwa ban san maganinta ba."

Matata ta fito da ruwan sanyi ta durƙusa. Gwaggo ta dubi kofin ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba zan sha ba, kada a ce na bar wani abu a ciki." Ta juya ta sauka.

Kusan shekara ba ta buɗe mini ƙofa ba. Na je wurin mutum biyu-uku na ce an ƙara wa zancen gishiri, amma da sanyin jiki na faɗa, su ma da sanyin jiki suka karɓa. Gaskiyar magana, ni ma a lokacin zuciyata ba ta gama wanke ta ba.

Da matata ta haihu, haihuwa mai wuya, ba mu da kowa a ƙasar nan. Ban aika mata ba don kunya. Rana ta biyu sai ga ta da ƙullin kaya da ganyen wanka. Kwana arba'in ta yi a ɗan falonmu tana dafa ruwan jego, tana dama kunun kanwa, tana gasa wa jaririya cibiya. Ko sau ɗaya ba ta yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta ɗaga jaririyar ta ce, "Gaya wa ubanki gas ya ƙare." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, in ta tayar da salla sai in sami kaina ina satar kallonta, ina duba yadda take ruku'u, ina kasa kunne in ji me take karantawa. Rannan ta sallame ta ɗauki jaririya ta ce, "Tambayi ubanki ko na ci jarrabawa."

Bayan shekara biyu ƙafafunta suka fara kumbura. Ba ta da takardar zuwa asibiti, sai na gano ashe Likitan nan na Jidda ne yake duba ta tun da can, duk bayan 'yan watanni. Na ce zan raka ta, bai kamata ta yi tafiya ba muharrami ba. Ta dube ni ta ce, "Tayyib." Wani direba da ta yarda da shi ya bi da mu ta wata hanya da ban sani ba, wadda ba a binciken takardu.

Likita dattijo ne siriri mai furfura. Ya dubi gemuna da ɗagaggen wandona, ni kuma na bi bangon falonsa da kallo. Babu komai sai kalanda da agogo. Ya tambaye ni da Larabci inda nake karatu. Da na faɗa, ya ɗan waiwaya, matarsa ta tashi ta ja ƙofar da ke shiga ciki. Aka kawo shayi, na ce na ƙoshi.

Yana ɗaura wa Gwaggo abin awon jini a hannu na kasa haƙuri. Na ce, "Dakta, allolinku nawa ne?"

Ya ce, "Tambayar ɗalibi ce, ko ta wanda zai kai labari?"

Na ce, "Ta ɗan ƙaninta ce."

Ya gama awonsa ya rubuta, sannan ya ce, "Ya danganta da wanda ka tambaya a gidan nan. Ni a wurina akwai Abu guda, ba shi da siffa, ba shi da farko, harshe ba ya kai masa. Shi ne a cikin komai, har a cikina da cikinka. Siffofin nan da ka ji labari, tsani ne. Wani yana bukatar tsani, wani ba ya bukata. Matata za ta ce maka na yi kuskure, wanda take bauta wa ba tsani ba ne, shi ne ƙarshen tafiya. Mahaifiyata da tana nan, cewa za ta yi mu duka surutunmu ya yi yawa."

Na ce, "Mahalicci daban, halitta daban. Wanda ya haɗa su ya ɓata."

Ya ce, "Na san haka kuke cewa. Shekara bakwai ina jin haka daga bakin wannan." Ya nuna Gwaggo. "Ban ce ka yarda ba. Tambaya ka yi."

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce ko ta taɓa tsayawa tare da su a gaban kabad ɗin. Ya dube ni da kyau, ina jin a nan ya gane ba shi na zo bincike ba. Ya ce, "Ita? Kowace asuba ƙarar butarta ke tashe mu. Kowane azumi sai ta zauna ta yi wa mahaifiyata wa'azi ta musulunta. Mahaifiyata kuma ta ce mini, matar nan Bagwan ne ya shigo gidanmu a cikinta, ku kula da ita."

Gwaggo ta fizge hannunta. "Astagfirullah! Ka ji irinta ko? Tana raye ma na hana ta faɗin haka. Ni baiwar Allah ce mai tuƙa tuwo, kada a ja mini."

Likita ya yi dariya, matarsa ta share ido da gefen mayafi. Ni ban yi dariya ba. A mota muna komowa Gwaggo ta ce, "Ka ga abin da ka je gani?" Na ce rakiya na yi. Ta ce, "Uhm," ta juya tana kallon duwatsu.

Ciwon bai sake ta ba. Watanninta na ƙarshe a kwance ta yi su, matata na kwana wurinta, ni ina zuwa bayan darasi. Tsoron nan nata ya ragu, har ƙofa take cewa a bari a buɗe iska ta shigo. Na so in nemi gafararta da baki sosai, kullum sai in ce gobe.

Ranar Talatar, na dawo daga sallar la'asar na tarar numfashinta ya sauya. Matata ta matsa mini na zauna a bakin gado. Na san abin da ake yi, na karanta shi, na ma koyar da shi: a tuna wa mai tafiya kalmar shahada a hankali, ba a matsa masa. Na sunkuya na faɗa. Ba ta motsa ba. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Na sake, na kai kunnena dab da bakinta. Gabana yana faɗuwa, kuma ba tsoron rabuwa da ita kaɗai ba ne. Tsoro nake kada in ji wani suna daban.

Ta buɗe ido. Ta faɗe ta tiryan-tiryan, kowane harafi a wurinsa, har matata da ke tsaye a bakin ƙofa ta ji. Sannan ta dube ni, irin kallon nan na ta kafar mukulli.

"Ka ji, Ustazu?"

"Na ji, Gwaggo."

"Da kunnenka?"

"Da kunnena."

"To ka huta."

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini. Ta ɗan motsa yatsunta a kan hannuna, ban san ko amsa ce ko sallama ba. Ita ma ta san hukuncin: wanda ya yi zancen duniya bayan shahada, ana so ya sake ta don ta zama ita ce ta ƙarshe. Na buɗe baki zan tuna mata, ta girgiza kai. Ta yi wa matata alama, aka juya ta ta fuskanci alƙibla, bayanta yana wajena. Na ga kafaɗarta tana motsi kaɗan-kaɗan, leɓunanta suna aiki, amma ban ji komai ba. Ban kuma matsa don in ji ba.

Shahada ta farkon ni na nema, aka ba ni. Ta biyun ba ni aka yi wa ba.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka, baƙuwa a garinka shekara talatin da wani abu. Kai ka ji abin da ban ji ba. Ka yalwata mata makwanci, ka ba ta zaman da babu mai buga mata ƙofa, ni kuma ka yafe mini abin da harshena ya jawo mata.